Yadda Za Ka So Ɗan Farinka Ba a Kama Ka Ba

Kai mai ɗan fari, matso. Shekara goma sha biyar na yi a Kademi ina son nawa, ko kazar gidanmu ba ta sani ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba wanda zai ce ba ka da kunya.

1. Haɗiye sunansa

Ran suna ka ji shi sau ɗaya, ya ishe ka. Daga nan sai "yaron nan" ko "wancan". Idan an yi baƙo mai irin sunan, shi ma ya zama "malam".

2. Nemi kaka

Ka sayo tsire a kasuwar Ajingi? Kada ka miƙa masa, haba! Kai wa mahaifiyarka. Ni nakan ce wa tawa, Inna Baiwa, "Ga wannan, ki taɓa." Haƙorinta biyu. Ta san inda za ta kai shi.

3. Yabi fartanya

Idan ya fi sa'o'insa noma a gonar gyaɗa, ɗauki fartanyarsa ka jujjuya, ka ce, "Maƙerin nan ya iya aiki." Masana sun ce yabo na kumbura yaro, amma ba a taɓa ganin fartanya ta kumbura ba.

4. San hanyar bayan rumbu

Ranar da hedimasta ya zo har zaure ya ce yaron ya ci jarrabawar makarantar kwana a Kano, dubi sama ka ce, "Anya za a yi ruwa kuwa?" Sannan ka zagaya bayan rumbu ka taka rawarka. Jaki ne kawai shaida.

5. Toshe kunne

Wata rana za ka jiyo shi ta zana yana ce wa kakarsa, "Inna, wai Baba ba ya so na ne? Ko sunana bai taɓa kira ba." Ci gaba da cin tuwonka. Ni dai rufe nawa na yi, na ce gishiri ya yi yawa.

6. Kada ka je tasha

Idan ƙafa ta kai ka tashar Gaya ranar tafiyarsa, ce akuya kake cigiya. Haka na yi. Yana can saman lori da akwatin kwano, yana ta dube-dube cikin 'yan rakiya, na kuma san wanda yake nema. Na yi tari, bai ji ba. Na ce, "Kai yaro!" yara goma suka waiwayo, ban da shi. Direba ya sa giya.

Sai kawai na ji bakina ya ce, "Inuwa!"

Kabo mai shayi ya ce, "La'ila! Datti, kai ne?"

"Na'am, Baba!" in ji yaron, har yana neman faɗowa.

Me zan ce? Na ce, "Gyara hularka."

Hula daidai take. Ya gyara ta da hannu biyu, yana dariya, hawaye na zuba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan asirinsa ya tonu, ba ruwana, kada ya ambace ni. Ni ma har yau tsokana ta ake yi a Kademi. Hutu kuma saura kwana tara, ba wai ina ƙirgawa ba ne.