Ranar da na koya wa Mama Ladi ɗaukar kaya

Na so in manta, na kuma yi ƙoƙari, amma ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba. Ita ce ranar da ni, da hankalina da komai, na tsaya a tsakiyar gonar doya a Sheda ina koya wa matar da ta yi jika da ni yadda ake ɗaukar kaya.

Lokacin ina zangon ƙarshe a wata ƙaramar makarantar koyon ɗaukar hoto a nan Abuja. A Karu nake zaune wurin yayana, Yaya Sale, wanda yake da gareji a Apo. Shekara biyu na yi ina bin sa garejin, kuma Allah ya sani ban taɓa son baƙin mai ba, shi ma baƙin man bai taɓa sona ba. Da na dame shi da maganar hoto sai ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce, "Shekara ɗaya na ba ka. In ka ci, ka ci gaba da abinka. In ka faɗi, sifana tana nan a inda ka ajiye ta." Yaya Sale kuwa ba ya magana biyu.

Matsalata a makaranta guda ɗaya ce: ina son gyara mutane. Idan aka ba mu aikin ɗaukar hoton mai sana'a, sai in je wurin mai shayin layinmu, in sa shi ya ajiye kofi, ya gyara hula, ya ɗaga haɓa, ya dubi gabas. Kafin in danna, mutumin da ya fi kowa surutu a Karu ya koma kamar wanda aka kama da laifi. Haka na yi wa masu gyaran mota a Apo, haka na yi wa mai gasa masara. Malaminmu, Oga Bitrus, yakan ɗaga hotona ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "My friend, wannan ai fasfo ne. Ina mutumin yake?" (A raina nakan ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Ni a lokacin gani nake ƙasar nan ba ta taɓa haifar mai hoto irina ba.)

Sai aikin ƙarshe ya zo. Hoto ɗaya tak, na mutum a bakin aikinsa. Wanda hotonsa ya shiga baje kolin ƙarshen shekara ya ci, wanda bai shiga ba ya maimaita zango. Ni kuwa ba ni da zangon maimaitawa, Apo kawai nake da ita.

A ajinmu akwai Rifkatu, 'yar Gbagyi ce daga wajen Sheda, yarinya mai shiru amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ita ta ce in bi ta gida, ana haƙar doya a gonar gwaggonta, zan samu abin ɗauka. Na amince nan take, don tun kafin ta rufe baki na gama zana hoton a kaina: mace ɗauke da kaya a ka, rana a bayanta, irin wanda ake gani a kalanda. Na saka farar riga, na ɗora wata falmaran mai aljihu goma sha biyu da na saya a gwanjo (babu komai a aljihunan sai biro da alawa biyu), na rataya kyamara a wuya.

Mun isa da hantsi, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Mata kamar shida suna kwasar doyar da maza suka haƙa suna kaiwa bakin hanya. Rifkatu ta kai ni wurin gwaggonta, Mama Ladi, wata gajeriyar tsohuwa mai ƙarfi a jika. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi falmaran ɗina daga sama har ƙasa ta ce wa Rifkatu, "Wannan abokinki soja ne ko mai farauta?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, irin ta manya.

Na koma gefe na shirya. Mama Ladi ta jera doya a cikin wata babbar ƙwarya, ta sunkuya, ta cira, sai na ga kayan sun sauka a kafaɗarta, can kusa da wuya. Na duba sauran matan, kowacce a kafaɗa. Na leƙa ta cikin kyamara, daga inda nake tsaye doya ta rufe mata rabin fuska. Hoton kalandata ya rushe.

A nan ya kamata in yi tambaya. Shekarata uku a Abuja, na sha hango mata da kaya a kafaɗa ta tagar mota, ban taɓa tambayar kowa dalili ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa wuya ne yake musu ciwo suke hutar da shi. To wanda ya riga ya san komai me zai tambaya?

Na ɗaga hannu na ce, "Mama, don Allah ɗan tsaya. Ki mayar da kayan a ka."

Ta tsaya. "A kai?"

"Eh, a ka. Kamar yadda ake yi."

Rifkatu ta matso ta ja min falmaran ta ce a hankali, "Kai, please, bar maganar nan." Ban ko dube ta ba. Na ma ƙara da nasiha, na ce ai ɗaukar kaya a kafaɗa yana karkata ƙashin baya, likitoci ma sun hana (ban san likitan da ya faɗa ba, a wurin na ƙirƙiro shi). Sannan na faɗi kalmomin da har yau idan na tuna su sai na rufe ido: "Kawo in nuna miki."

Mama Ladi ba ta yi fushi ba. Da ta yi fushi ma da ta taimake ni. Sai ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye a gabana, ta koma ta harɗe hannu ta ce, "To, malam. Nuna mana."

Wata daga cikin matan ta tambaya ko a yi min gammo. Na ce ba na buƙata. Ni da rabona da ɗaukar wani abu a ka tun bokitin ruwa a firamare. Mata biyu suka kama ƙwaryar suka ɗora min, suna cije leɓe.

Jama'a, doya tana da nauyi. Na ji wuyana ya shige cikin ƙirjina, idanuna suka yi waje. Ga gindin ƙwarya a zagaye, sai rawa take a kan ƙoƙon kaina. Amma na daure, na kama ta da hannu biyu, na yi murmushi na ce, "Kun gani? Sai ki miƙe sosai, ki dubi gaba." Na yi taku ɗaya lafiya. Na yi na biyu. A na uku takalmina ya sami taɓo ya yi gaba ya bar ni. Da na ji zan tafi, hannayena duka biyu suka saki ƙwaryar suka rungume kyamara.

Na faɗi rigingine a tsakanin kunya biyu, ta uku kuma ta lulluɓe ni daga sama. Doya ta yi ta sauka, ɗaya a cikina, ɗaya a gwiwa, wata ta gangara kamar tana gudun abin da ta gani. Farar rigata ta koma ja. Alawa ɗaya ta faɗo daga aljihu.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata mata ta zauna a ƙasa tana dukan cinya, wata ta riƙe ciki tana kiran sunan Allah da Gbagyi, maza daga can ƙarshen gona suka ajiye fartanya suka taho kallo. Ni kuwa na kasa tashi. Babu inda na karye, kawai dai na rasa fuskar da zan tashi da ita. Na kwanta ina kallon sama, ina jin ƙanshin baƙin man Apo a hancina. Na ce shi ke nan, ga rana ta ɗaga, ga ni ba hoto, ga ni ba mutunci.

Mama Ladi ta tsince doyarta ɗaya bayan ɗaya, ta ware guda biyu da suka fashe, ta jera sauran. Ta sunkuya sau ɗaya, kaya suka hau kafaɗa kamar da kansu. Ta zo ta tsaya a kaina ta nuna goshinta da yatsa.

"Yaro, mu Gbagyi ba ya ɗora kaya a nan. Kai sarki ne na jiki. Shi ne yana tunani, shi ne yana gani hanya. Ka taɓa gani sarki ya ɗauka doya?"

Na ce, "A'a, Mama."

"To kai ka ba naka sarki doya, shi ya sa ya yar da kai."

Ta fashe da dariya, kuma a daidai nan na gan ta. Daga ƙasa inda nake kwance babu abin da ya rufe mata fuska. Ga doya a jere a gefen kunnenta, ga hannu ɗaya ya tallafi ƙwarya, jijiyoyi sun fito, ga kanta a miƙe babu komai a kansa sai ɗankwali da sararin sama. Ban ce ta ɗaga haɓa ba, ban ce ta dubi gabas ba, bakina ya riga ya mutu. Na share taɓo daga yatsana na danna sau uku.

Doyar da na fasa aka gasa, aka ce tunda ni na fasa ni zan fi kowa ci, don fasasshiyar doya ba ta ajiyuwa. Ina ci da manja na nuna wa Mama Ladi hoton a bayan kyamara, na roƙi izinin kai shi makaranta. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ni ne. Kai shi, su gani."

Ranar Litinin aka haska hotunanmu a bango ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo nawa, Oga Bitrus ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya matsa kusa da bango. Ya ce, "Finally. Ga mutum." Wallahi sai da na ji ƙwalla. Sai ya juyo ya tambaye ni, "Wa ya ba ka dabarar kwanciya a ƙasa?"

Mai hali ba ya barin halinsa. Na gyara zama na ce, "Oga, tunani ne kawai. Na nazarci wurin, na ga daga ƙasa labarin yake."

Ya jinjina kai, ya ce a haska na gaba. Na gaba na Rifkatu ne.

Ga ni nan a bango, girmana ya kai ƙofa. Ƙafa ɗaya a sama, baki a buɗe, ƙwarya ta bar kaina, doya uku a iska, na ƙanƙame kyamara kamar jariri. A ƙasa ta rubuta sunan hoton: Mai hoto a bakin aikinsa. Ajin ya kife da dariya. Oga Bitrus ya dafa tebur yana share hawaye yana cewa, "Nazari! Lallai ka nazarci wurin!" Na dubi Rifkatu, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ai na ce ka bari."

Duka biyun suka shiga baje koli, aka kuma rataye su gefe da gefe. Amma nawa aka sa a farko, daidai bakin ƙofa, da sunana a ƙasa.

Yaya Sale ya zo ranar da aka buɗe, ya sha wanka, sai dai baƙin mai bai bar ƙarƙashin farcensa ba. Ya tsaya a gaban hoton Mama Ladi yana kallo, ni kuma ina bayansa. Can ya ce, "Kai ka ɗauki wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Haka Inna take dariya in ta dawo daga gona." Ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗata. "Ka riƙe kyamararka. Gareji ba wurinka ba ne."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na so in ja shi mu fita tun ana mutunci, amma ya riga ya yi taku ɗaya zuwa dama. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Sai da ya jingina da bango don dariya. Kafin mu tafi ya nemo Rifkatu da kansa ya roƙe ta ta wanke masa guda, babba.

Yanzu da hoto nake ci, nake sha, har ana kirana wuraren da da ko ƙofarsu ban isa in tsaya ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: in ka tarar da mutane suna yin abu ba yadda ka saba ba, rufe bakinka ka buɗe murfin kyamara, sun riga ka sanin dalili. In kuma ka ƙi ji, to aƙalla ka tabbata babu 'yar ajinku a bayanka. Duk wanda ya kai mota wani gareji a Apo ya ga hotuna biyu a bango, ƙaramin shi ne wanda na ɗauka, babban kuma ni ne a ciki.