Kumfar Sabulu a Akwatin Kifin Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da matan zumunta na cocinmu suka zo yi wa ɗana addu'a, suka ƙare da kamun kifi a tsakiyar falona. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin muna zaune a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Maigidana Yohanna kullum yana kan hanya, yau Jos, gobe Inugu, ni da ɗanmu Bulus ne a gida. Bulus ya yi ƙyanda mai tsanani yana ɗan shekara biyu da wani abu. Ya tashi, mun gode Allah, amma 'yan kalmomin da ya fara yi duk suka tafi tare da ciwon. Ko "Mama" ya daina cewa. Nakan lallaɓa ta bayansa in buga murfin tukunya don in ga ko yana ji. Yana ji sarai, sai ya juyo ya dube ni kamar ni ce marar lafiyar.

A asibitin mishan da muka kwanta akwai wata Baturiyar sista mai akwatin gilashi cike da ruwa, da ƙananan kifaye masu jan wutsiya a ciki. In aka zaunar da Bulus a gabansa, har allura yakan yarda a yi masa. Da sista za ta koma ƙasarsu, sai ta aiko mana da akwatin, da ɗan injinsa mai gurnani, ta ce na Bulus ne. Daga ranar ba ya cin tuwo sai a gaban kifi. Yakan manna hanci a gilashi yana motsa baki yadda suke motsa nasu, ni kuma ina leƙe daga ƙofa, ina jira ko wani sauti zai fito.

Ya kamata ku san halina kafin mu ci gaba. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma abin da aka koya mana a wurin awon ciki na riƙe shi kamar ayar Littafi: datti ne ke kawo ciwo. Tun daga ƙyandar nan na zama mai dafa komai. Ina dafa ruwan sha, ina dafa cokali, har takalmin roban Bulus na taɓa jefawa a tukunya (ya fito kamar ƙosai, Yohanna ya yi mako yana tsokanata).

To, bayan wani lokaci kifayen suka fara sanyi. Suna kwanciya a ƙasa, ba sa rububin abinci, gilashin yana yin kore. Bulus ma ya rage cin tuwo. Na ruga wurin Baba Ayuba, dattijon cocinmu da ke aiki a ɗakin gwajin jini, don shi ne ke duba wa sista akwatin a da. Ya zo a kan kekensa, ya leƙa, ya nuna mini ɗan akwatin roban da ke can kusurwa cikin ruwa, wanda kumfar iska ke fita daga kansa. Ya ce wannan ita ake kira matata, mai tace ruwan.

Na ce, "Amma Baba, ruwan ai garau yake."

Ya ce, "'Yata, garau a idonki. Kifi a nan yake ci, a nan yake fitsari da kashi. Abin yana narkewa ya zama wani gishiri da ba a gani, mu a wurin aiki naitiret muke ce masa. In ya taru, shi ne kifi ke yin laushi haka."

Ya ce audugar da ke cikin matatar tana kama dattin da ido ke gani ne kawai. Ya sa na kawo tsakuwar rafi, da ɗan gawayi, da tsingaron tsohuwar tukunya, ya farfasa ya jera a ciki. Wai a ramukan tsingaron nan wasu 'yan halittu ke zama suna aikin gyaran ruwa. Washegari ya kawo kainuwa daga kududdufi ya watsa a saman ruwan, ya ce saiwarta ce ke shan gishirin. Ya ce duk mako in kwashe kaɗan daga ruwan in zuba na rijiya wanda ya kwana.

Da zai hau keke ya ɗaga mini yatsa. "Maman Bulus, na san ki. In kin ga tsingaron nan ya yi yauƙi ya yi baƙi, ki bar shi. Wannan datti mai aiki ne. Kada sabulu ya kusanci wurin."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, namiji ne zai koya mini tsabta?

Gaskiya dai kifayen sun farfaɗo, Bulus ya koma cin tuwonsa. Amma ni kullum in na wuce falon sai idona ya faɗa kan matatar nan, tana ƙara duhu kamar gindin randa.

Sai Mama Fasto, matar fastonmu, ta tare ni bayan sujada ta ce matan zumunta za su zo gidana ranar Talata, su roƙi Ubangiji ya buɗe bakin Bulus. Na yi murna har da hawaye. Amma ina isa gida na dubi falon da idon baƙo: ciyawar kududdufi, fasasshiyar tukunya, yauƙi. Na ce a raina, za su ce ga dalilin ciwon yaron nan, uwarsa ƙazama ce.

Ranar Talata da safe aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru, na ce madalla. Na kwashe kifayen cikin roba. Na watsa wa kaji kainuwa, na zubar da tsingaron a bayan gida. Na wanke gilashi da tsakuwa da garin sabulu, na cusa sabuwar auduga da sabon soso a matatar, su ma na wanke su da sabulu don su yi ƙamshi. (Allah ya taimake ni alif ɗin da nake tace ruwa da shi ya ƙare a gidan, da shi ma na jefa.) Na ɗauraye sama-sama don rana ta yi, na cika ruwa, na mayar da kifi. Bulus yana tsaye riƙe da ƙafar kujera yana kallona tun daga farko har ƙarshe.

Mata suka zo da zannuwansu iri ɗaya, falo ya cika har baranda. Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ta ce, "Kai, Maman Bulus, gilashin nan kamar ba ruwa a ciki!" Na sunkuyar da kai wai ni mai tawali'u, alhali kaina ya kumbura.

Aka yi waƙa, aka durƙusa. Mama Fasto ta ɗora hannu a kan Bulus ta fara addu'a. Tana tsakiyar "Ya Uba, kai da ka buɗe bakin bebe", sai aka kawo wuta. Na ji injin ya fara gurnani. Na buɗe ido ɗaya.

Kumfa ce ke tasowa. Fara fat, tana hawa kamar an ɗora nono a wuta. Ta cika akwatin, ta leƙo, ta gangaro kan tebur, ta sauka kan littafin waƙar Mama Fasto. Na rufe idon da sauri, na ƙara ƙarfin "Amin", ko Allah zai sa ta koma.

Sai na ji wata 'yar murya, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Mama ya sa sabulu."

Addu'a ta tsaya cak. Bulus ya zame daga hannun Mama Fasto, yana nuna ni da yatsa, hawaye na zuba. "Baba ya ce a'a. Mama ya sa sabulu. Kifi na!"

Maman Rifkatu ta yi ihu, "Yesu na! Yaron ya yi magana!" Wata ta fara guɗa. Mama Fasto kuwa ta dubi kumfa, ta dube ni, ta ce, "Maman Bulus, da gaske ne?" Ni ina durƙushe, ban san ko in yi kukan murna ko na kunya ba, sai na haɗa duka biyun. Mama Fasto ta ɗaure zane ta ce, "Ku bar guɗa tukuna, ku kawo ludayi!"

Haka manyan matan coci suka zagaye akwatin, mai ludayi, mai kofi, mai murfin kwano, suna laluben kifi cikin kumfa suna jefawa a bokitin ruwan rijiya. Bulus na tsaye yana ba da umarni: "Wancan! Ga shi can!" Duk kalmar da ya faɗa sai wata ta amsa da "Haleluya". Wasu kifayen ba su kai yamma ba, na binne su a gindin gwanda ina ba shi haƙuri. Uku suka rayu.

Baba Ayuba ya zo da yamma, labari ya riga ya kai masa. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya tsuguna gaban Bulus ya ce, "Abokina, wa ya yi wannan aiki?" Bulus ya sake nuna ni. Baba ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ce, "'Yata, je ki tono mana tsingaronmu." Na je bayan gida na tsince su ɗaya-ɗaya a cikin shara, maƙwabta na kallo ta katanga.

Yohanna ya dawo bayan kwana biyu, Bulus ya tare shi a ƙofa da labarin, kafin ma ya ajiye jaka. Watanni na yi ina roƙon Allah yaron nan ya kira sunana, ya kuwa kira, a gaban matan coci duka, yana kai ƙarata. Tun daga ranar, in na ga abu ya yi baƙi a gidana, nakan tambaya ko yana bakin aiki ne kafin in ɗauko sabulu. Kuma in zan yi abin da aka hana ni, sai na fara duba ko Bulus na kusa.