Rasuwar Wayar Tela da Tagar da ke Kusurwarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben aljihu yana dawowa wayam, tsohon telan bakin layi, wanda shagonsa ke jingine da gidansa, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki cewa wayarsa ta rasu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan jinyar kwana biyu. Ta yi shekara shida a duniya, wanda a wajen waya tsufa ne mai kyau.

Tela ya san akwai masu dariya. A yi, ba a hana ba. Shi ma da wani ne ya shimfiɗa tabarmar makoki saboda ƙarfe da gilashi, da shi zai fara tsokanarsa. Abin da yake roƙo kawai, a karanta har ƙasa tukuna.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta faɗo daga kan keken ɗinki ya fi a ƙirga, fuskarta ta tsage tun daga goshi har haɓa, ba ta taɓa yin yaji ba. Ta san maigidanta bai yi nisa a boko ba, kuma ba ta tona masa asiri ba ko sau ɗaya: ya danna, ya yi magana, ta kai saƙo da muryarsa. Awon rabin unguwa yana cikinta, har da ƙugun wani bawan Allah da ke ƙaruwa duk shekara yana rantsuwa tef ɗin tela ne ya tsuke, amma ba wanda ya ji a bakinta. Za a daɗe ana tuna “ƙwal” ɗinta in saƙo ya shigo, da ɗan nishin da take yi in caji ya kusa ƙarewa, kamar baƙuwa mai jin kunyar cewa tana jin yunwa.

Babbar baiwarta ita ce iya haɗa aiki biyu. In ana kallon bidiyo saƙo ya shigo, sai ta ƙanƙance hoton ya koma kusurwa, bai fi akwatin ashana ba, yana ci gaba da motsi da magana, mutum kuma yana harkarsa a sauran fuskar. 'Yarsa ta fari ce ta nuna masa wannan dabara. Sunan da ta kira abin bai zauna masa a baki ba. Shi taga yake ce masa, kuma yana da dalili.

A bangon shagon akwai taga ta gaske mai leƙa tsakar gida. Shekara talatin da huɗu uwar 'ya'yansa tana tsayawa a nan, ta kafa gwiwar hannu, tana ba shi labari: wance ta haihu, su wane sun ɓata, rufin ɗaki ya soma yoyo. Shi kuwa ƙafa na kan keke, ido na kan allura, amsarsa ɗaya ce kullum: “Ina jin ki.” A haka suka zauna har Allah ya karɓi abarsa, shekara uku ke nan. Allah ya jiƙanta.

Abin da ya rage na muryarta a duniya daƙiƙa arba'in da ɗaya ne, kuma a cikin wayar nan yake. 'Yar ce ta ɗauka da wasa wata rana. Ga matar a taga, ɗankwali ya zame gefe, tana cewa: “Malam, ka ajiye almakashin nan ka dube ni mana. Kunne kawai na aura?” A bayan hoton ana jin keke yana ta surutu, da muryar wani sakarai yana cewa, “Ina jin ki.” Sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce da 'yar, “Kin ga ubanki ko?” Shi ke nan, hoton ya ƙare.

Tela ba ya buɗe shi ya cika fuskar waya. Ya gwada sau ɗaya, ido ya kawo ruwa, ɗinki ya karkace, sai da ya farke wuyan riga guda. Tun daga nan sai ya riƙa jingina wayar da babban dunƙulen zare, ya tura matar kusurwa, yana amsa saƙon masu kaya tana magana. Wato ya koma gidan jiya, tana taga yana aiki. 'Yar ta sha ce masa, “Baba, kawo in tura shi wayata, abin nan ba shi da na biyu.” Shi kuma ya ce, “Bari in gama hannun rigar nan.” Shekara uku ana gama hannun riga.

Ciwon ajali ya kama ta ranar Lahadi da safe. Tela yana guga, fil uku a baki, dutse a hannun dama, bokitin ruwan yayyafi a gindin tebur. Wani ya turo awo, sai tagar ta sauka daidai kan lambar ƙugu. Ya sa ɗan yatsan hagu ya ture ta gefe. A rubuta wannan yadda yake: ya ture matarsa gefe don ya ga faɗin cikin wani ƙato. Wayar ta zame daga jikin zaren ta yi tsalle ɗaya a bakin tebur. Abin da aka ji na ƙarshe daga bakinta shi ne, “Malam, ka ajiye alma…” sai tsundum.

Maƙwabta sun yi zumunci. Mai shagon kusa ya ce a binne ta cikin shinkafa. Mai aski ya ce a shanya ta a rana a ƙyale ta. Amma tela shekararsa arba'in yana sanin abu ɗaya, cewa duk abin da ya jiƙe dutse ke busar da shi. Ya naɗe ta a ƙyalle ninki biyu, yadda ake yi wa yadi mai tsoron wuta, ya bi ta da guga sau uku ta gaba, sau uku ta baya, a hankali, cikin ladabi. A na shidan ta ce “tas”, wani wari ya tashi.

Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce, “Baba, ruwa ka ce ko gobara?” Da aka ba shi labari sai ya cire tabarau ya daɗe yana duban tela. Ya ce, “Da ruwan kaɗai ne, da na ciro maka komai. Ruwa kwantar da ita ya yi. Kai ka ƙarasa ta.” Duk da haka ya yi kwana biyu a kanta, don tela ya gaya masa ba wayar yake nema ba, daƙiƙa arba'in da ɗayan nan yake nema. Ranar Talata ya turo masa ita da hannu biyu.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin zare a wuya, da rigarta ta roba da ta koɗe, da layi wanda aka ciro da ransa, da dunƙulen zaren da take jingina da shi, yana nan tsaye bai san an yi rasuwa ba. Ta bar 'ya wadda har yau ba ta ce “ai na gaya maka” ba, kuma shirunta ya fi zagi ciwo. Ta bar tela. Surukinsa ya yi alkawarin sabuwa, ya ce ita taga biyu ma take buɗewa a lokaci ɗaya. An gode, Allah ya saka. Sai dai wa za a sa a ciki?

Za a sa ta a makwancinta ranar Juma'a bayan la'asar, a aljihun keken ɗinki na dama, kusa da ɗan kunnen matar guda ɗaya da aka tsinta bayan ta tafi. Ba a buƙatar masu ɗauka. Za a yi zaman gaisuwa kwana uku a shago, kuma ba za a taka keke ba, masu kaya su yi haƙuri, har da mai ƙugun. Ana roƙon ƙanwar uwar yara, wadda dariyarta ta ɗebo ta yayarta, in ta zo ta shiga ta cikin gida ta tsaya a taga.

Masu zuwa su bar wayoyinsu a aljihu. An rataye almakashi a ƙusa. Duk wanda ya zo da magana, ko ta yoyon rufi ce, tela zai juyo da kujerarsa ya dube shi har ya gama.