Ranar da Na Kai wa Kyanwata Gafiya

Bayan babban fari, a Gangara, na riƙa kulle kyanwata a ɗaki saboda karnukan makiyaya. Ta yi ƙiba, ko ƙuda ba ta kora. Na ce wa matata Hajara, "Motsa jiki take so, bar ni da ita."

Na kamo gafiya a rumbu, na shiga ɗakin, na sa sakata, na saki gafiyar. Gafiya ta tsaya tana huci. Kyanwa ta ɗare kaina, ta kafa farata. Gafiya ta nufo ƙafar wandona. Na ruga ƙofa, sakata ta ƙi zaruwa.

"Hajara! Ku ɓalle ƙofar!"

Maƙwabta suka zo da taɓare. Har yau tambayata suke, "Malam, wa ya fi motsa jiki, kai ko kyanwar?"