Rumfar Ƙarfen Malam Zailani

Da sunan Mai ruwa da iska, wanda ya halicci ƙarfe kuma ya halicci tsatsa. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Malam Zailani, ɗan Korau mai fitilu, wanda maruwaita suka ce bai taɓa gudu ba sai sau ɗaya, shi ma kare ne. Ɗan Jatau Magini, wanda ya gina mashahurin zauren nan na cikin birnin Zazzau mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, ta waje tana duban gabas, ta ciki ta kauce can kusurwar kudu, domin kada idon mai wucewa ya faɗa kan iyali, kada kuma wani abu miƙaƙƙe, mashi ne ko tsegumi, ya shiga gidan kai tsaye. Ɗan Barmo, wanda ba a san abin da ya yi ba, amma an yi ittifaƙi cewa ya yi shi da kyau.

Zailani na Lantana, toron giwa mai hular kwano! Gagarabadau, mai tsawa agwagi su watse! Tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya raba wasiƙun garin nan har gari ya daina rubutu!

Babu abin da wannan bawan Allah ya mallaka da yake so kamar Basfarsa, tsohon babur ɗin nan mai ruwan toka da ya saya tun gashinsa na baƙi. A kanta ya kai Lantana asibiti duk haihuwar da ta yi, a kanta ya bi gawar mahaifinsa. Kullum da yamma yakan sauka a bakin zaure, ya karya kanta dama, ya tura, ya sake karya shi hagu, ya ja baya kaɗan, sannan ta shige tsakar gida. Ya daɗe yana haka har hannunsa ya haddace, kansa ya manta.

Amma kowane gwarzo da abokin gabarsa, kuma na Zailani damina ce. Rufin zauren na ƙasa ne, in ruwa ya yi ƙarfi sai ya riƙa yoyo yana yarfo laka, har wata shekara wani curi ya faɗo ya fasa wa Basfa madubi. Ɗakunan gida kuwa, Lantana ta zartar da hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, cewa ita da warin fetur ba za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Saboda haka duk damina Basfa takan yi gudun hijira zuwa garejin maƙwabci, Alhaji Tanimu, wanda katangar ƙasa ɗaya ce ta raba su.

Shi Tanimu ɗan goggon Zailani ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a taɓa yanke shari'ar ba. Yana da gareji mai faɗi da ƙyauren ƙarfe, ko da yake motar an sayar tun bayan rasuwar matarsa, 'ya'ya kuma sun watse Kaduna da Abuja. Kowace safiyar damina Zailani zai tarar da shi zaune a bakin garejin da butar shayi, yana jiran sa kamar mai jiran bashi, ya ce, "Bawana, ka zo gaishe da uban gidanka? Jakar taka ta kwana lafiya, sai dai tari."

Zailani ya yi ta haɗiye wannan shekara da shekaru, har ran da Tanimu ya maimaita ta a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, dattawa suka yi dariya har da tafawa. A nan jinin Jatau ya motsa. Gwarzo ya miƙe, ya gyara hula, ya kama gemu, ya yi furucin da tarihi ya adana: "In Basfata ta ƙara kwana a garejin Tanimu, daga ranar ku kira ni Bawan Tanimu, ni kuma in amsa!" Majalisa ta shaida. Tanimu bai yi dariya ba a wannan karon, ya dai dube shi ya ci gaba da jan carbi.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, Zailani ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Ya fara da leƙen asiri, kamar yadda manyan kwamandoji ke yi. Ya kwance igiyar gugan Lantana, ya faki idon Tanimu ya tafi kasuwa, ya auna garejin tsawo da faɗi, ya ƙulla ƙulli a kowace kusurwa, ya dawo da igiyar cikin aljihun babbar riga yana haki. Ranar gidan bai ja ruwa ba sai da azahar.

Kashegari ya hau Basfa ya fuskanci Sabon Gari, ya keta rundunonin 'yan acaba da masu baro, ya sauka a shagon wani matashi mai sayar da rumfunan ƙarfe irin na haɗawa, waɗanda ke zuwa a kwance, ba walda ba wuta, noti kawai za a ɗaure ta miƙe. Mai shago ya gabatar masa da su kamar masu neman aure. Ga ƙarama, wadda kowane ƙarfenta bai wuce tsayin mutum ba, tana zuwa cikin kwali, kuma daidai take da babur ɗaya da gwangwanin mai. Ga matsakaiciya, mai taga. Ga kuma babbarsu, uwar rumfuna, wadda ƙarafan rufinta aka haɗe tun daga masana'anta, kowanne guda ne mai kusurwa uku, tsawonsa ya fi maza biyu a kwance.

Zailani ya sa hannu a aljihu. Ya zaro igiyar guga ya shimfiɗa. Ƙarama ta gaza tun a ƙullin farko. Matsakaiciya ta yi ƙoƙari, ta mutu daf da nasara. Babbar ta haɗiye igiyar duka har ta bar rara.

"Baba," in ji mai shago, "babur ɗaya fa ka ce."

"Ban zo ƙidayar babura ba, ɗana. Wannan."

Mai shago ya tambaye shi yanayin ƙasar gidan, da inda ruwa ke bi, da inda iska ke kaɗowa, gwarzo ya amsa duka ba gargada. Mai shago ya ba shi dogayen ƙusoshi masu zare da za a dasa cikin kankare tun yana ɗanye, daidai inda ƙafafun wannan rumfar za su zauna, ya ce in daɓen ya yi ƙwari sai a aiko a ɗauka. Bai tambayi ƙofar gida ba. Zailani ma bai tambayi kansa ba.

Daga nan aka shiga yaƙin daɓe, wanda marubuta suka fi tsawaita bayani a kansa. Sai da aka fara sulhu, domin filin da igiya ta nuna daular Lantana ce: nan turmi, nan akurkin kaji, nan igiyar shanya. Aka aika jakada, wato shi kansa Zailani, ya tsaya a bakin kicin yana wasa da hula. Lantana ta saurare shi har ƙarshe tana gyaran wake, ta ce, "Malam, duk wannan filin don Basfa? Ko za ka yi mata ɗakin amarya ne?" Sannan ta janye dakarunta zuwa gindin gwanda, bisa sharaɗin a dawo mata da igiyar guga.

Aka kira birkila, aka kafa turaku, aka ja zare. Zailani ya hana kowa sakat sai an auna daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, an sake aunawa, har suka yi daidai kamar tagwaye. Ya sa aka kwashe ƙasa mai laushi har aka tarar da mai tauri, aka zuba tsakuwa, aka daɓe ta har maƙwabta suka zaci ana sussuka, aka shimfiɗa leda don kada sanyin ƙasa ya hau, aka saƙa rodi, aka kewaye da katako. Ya yi muhawara mai tsawo kan kaurin daɓen, ya ƙi yarda da abin da ya gaza taƙi guda, ya kuma tilasta a ɗan gangarar da shi wajen kwata don kada ruwa ya nufi ɗakin Lantana, domin ya san ƙarfinsa kuma ya san nata. Yashi da siminti da tsakuwa duk ta zauren Jatau suka shiga, a kwanonin leburori da baro, ba su yi gardama ba, don babu mai ƙashin baya a cikinsu.

Ran da aka zuba kankare, aka dasa ƙusoshin nan a mazauninsu, gwarzo ya tsaya gadi da kara a hannu, shi kaɗai a gaban rundunar kaji. Wata wake-wake mai taurin kai ta kawo farmaki daga yamma. "Kul!" in ji Zailani, da muryar da ta tashi tattabarun unguwa. Ta ja da baya, amma ta bar sawu ɗaya a gefen kudu, wanda har yau masu ziyara ke gani. Bayan haka ya riƙa ba daɓen ruwa safe da yamma kamar mai jinya, yana lulluɓe shi da buhuna, har ya yi ƙwarin da in ka buga masa dutse dutsen ne zai ji jiki. Haƙiƙa, ba a taɓa yin daɓe irinsa a unguwar ba, kuma wannan ba zuga ba ce.

Tanimu yakan leƙo ta saman katanga wani lokaci, ya duba, ya ce, "Sannu da aiki, bawana," ya koma. Zailani ya lura muryar ba ta da gishirin da, amma ya ɗauka hassada ce, ya ji daɗi.

Aka wayi gari ranar fatahi, wato ranar cin gari, gabas ta fara haɗa hadari. A-kori-kura ta sauke uwar rumfuna a bakin lungu, majalisa ta taso gaba ɗaya don shaida. Leburori suka ɗaga ƙarfen rufi na farko, Zailani na gaba da hular kwano, ya ɗaga hannu ya yi kururuwa, "Ku shiga da shi!"

Ƙarfe ya shiga ƙofar waje da izza, ya ratsa zaure, ya je ya sumbaci bango, rabinsa na waje. "Ku karya dama!" Bai karyu ba. "Ku ɗaga gindin!" Ya tokari azara, ƙasa ta zubo kan hular gwarzo. "Ku kwantar! Ku juya! Ku ja baya!" Aka kwantar, aka juya, aka ja baya, aka gwada ta kai, aka gwada ta gindi, aka gwada da salati. Jatau Magini, wanda ya daɗe a kabari, ya tsaya kan bakansa: miƙaƙƙen abu ba ya shiga gidan nan.

Aka zauna shawarar gaggawa. A yanke ƙarfen? To ya tashi daga rumfa ya koma tarkace. A canza da ƙarama? Ƙusoshin uwar rumfuna sun riga sun kafe cikin daɓen da ba ya fasuwa. A fasa zaure? Zailani ya dubi bangon da kakansa ya shafe da tafin hannunsa, har sawun yatsun na nan, ya ji ba zai iya ba ko da za a kira shi bawan duniya duka. Ta sama wayoyin lantarki ne, ta baya ɗakunan mutane. Hanya ɗaya ta rage, ta saman katangar Tanimu, kowa ya san ta, ba wanda ya furta. Sai ɗigon farko ya faɗo kan sirdin Basfa.

A lokacin ne ƙyauren garejin Tanimu ya yi ƙara ya buɗe. Tsohon ya fito da lema, ya dubi ƙarafa, ya dubi sama.

"Ku shigo da su kada su yi tsatsa," ya ce wa leburori. "Amma ba mai ɗora wa katangata ƙarfe tana jiƙe. Sai kaka, in ta bushe." Sannan ya juyo. "Ita kuma jakar fa? A ruwa za ta kwana?"

Ruwa ya ƙaru. Majalisa ta rakuɓe jikin bango tana kallo. Zailani ya dubi gemunsa, ya dubi Basfa da ruwa ke gangara mata ta fitila, ya ga cewa in aka auna su biyun ba shi da wata shakka. Ya kama kanta ya tura ta cikin garejin da hannunsa, ya jingine ta jikin rumfarta da ke kwance a ɗaure. A nan ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: kujera biyu ce a bakin garejin, kofi biyu a kan tire, kuma duk girman gidan nan babu motsin kowa. Tausayi ya kama shi, ya kuma ji kunyar igiyar guga.

Damina ta wuce, kaka ta zo, katanga ta bushe har ta tsage. Maruwaita sun yi saɓani kan wanda ya fara mantawa da maganar tsallakar da ƙarfe, amma sun haɗu a kan cewa ba wanda ya tayar da ita. Lantana ta mamaye daɓen ba tare da zubar da jini ba, ta baza tattasai da kuɓewa a kai, ta ɗaura igiyar shanya, tana gaya wa mata cewa tun da ta yi aure Malam bai taɓa yi mata abin kirki irin wannan ba.

Har yau, in gari ya waye, murya takan tsallako katanga, ta wuce kan tattasai, ta ce, "Bawan Tanimu! Shayi na hucewa!"

Shi kuwa gwarzo ɗan Korau ɗan Jatau ɗan Barmo, toron giwa mai hular kwano, sai ya laluba takalminsa ya ce, "Na'am, ga ni nan."