Yaƙin Tasi'u da Magatakarda Tee

A saurari tarihin Tasi'u ɗan Rabe mai gyaran rediyo, jikan Mamuda da ya buɗe cikin agogon bango bai ko karanta addu'a ba, sadaukin kwamfuta a wani gidan ɗaukar hoto na Azare, dodon madannai, wanda sauro ke jin ƙarar yatsunsa ya canza ɗaki.

Shi ne ya rubuta jerin umarnin da ke kwashe hotunan biki da na suna zuwa faifan ajiya kullum in za a tashi aiki. Don a san abin da ya wakana, ya sa duk bayanin kwafin ya bi ta hannun wani umarni mai suna tee, magatakardan da ke rubuta rahoto. A nan musiba ta shigo. Al'adar na'ura ita ce ta tambayi na ƙarshen layi yadda aka ƙare, na ƙarshen kuwa tee ne, shi kuma ya sha tarbiyya irin tamu: ko zazzaɓi na kaɗa shi, ka gaishe shi sai ya ce lafiya lau. Kullum allon kwamfuta kore shar, alamar komai ya tafi daidai.

Wata Talata gwarzon ya leƙa faifan don nishaɗi kawai. Faifan ya cika maƙil tun bayan ƙaramar salla, ko hoto ɗaya bai ƙara shiga ba. Duk ranar da kwamfutar ta mutu, hotunan auren rabin gari sun tafi ke nan, kuma wuyan Tasi'u za a kama. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya naɗe hannun riga, ya ture kofin shayi, ya ce, "Yau ko ni ko kai, tee!"

Ya zaro takobin set -e, umarnin da ke tsayar da aiki in an samu kuskure, ya kai sara, munafukin ya goce yana murmushi. Ya yi gumi, ya yi istigfari, ya tuna kakanni, sannan cikin izza da jalala ya kafa set -o pipefail a saman jerin, dokar da ta wajabta a saurari duk wanda ya faɗi a layi, ba na ƙarshe kaɗai ba. Allo ya yi jawur: kwafi ya gaza, faifai ya cika.

Ya taka kamar mai dawowa da ganima ya kira Oga Lurwanu, mai gidan hoton, ya bayyana masa cewa sabon faifai ake bukata. Oga ya dubi jan rubutun, ya dubi kwastomomin da ke miƙo wuya.

"Kafin ka taɓa shi kore yake nunawa. Kai ka ɓata shi. Mayar min da shi yadda yake kafin la'asar."

Sadauki ya ce to, ranka ya daɗe. Ya goge dokar pipefail ɗin da yatsa ɗaya, allo ya koma kore. Hotunan na nan a kwamfuta guda tilo, wadda fankarta ta fara tari.