Hayaƙi a Hular Malam Goni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye ajinmu na yaƙi da jahilci ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar har na gaji. A shekarar da soja suka koma bariki ne, a wata firamare a Yakasai, inda mu magidanta muke matse gwiwoyi a bencin yara bayan la'asar.

Aikina a lokacin sharar kejin ɓeraye ne a ɗakin bincike na wata jami'a. Fararen ɓeraye ne, kuma (Allah Ya yafe mana) giya ake ba su. Akwai ɗan ƙarfe a kejin, in ɓera ya danna sai ɗigon giya ya sauko. In ya saba, sai a yanke masa, ya yi ta dannawa a banza har ya haƙura. Daga nan sai Dakta, mai binciken, ya tayar masa da hankali, ya ɗan sakar masa lantarki a tafin ƙafa. Ɓeran da ya daɗe da tuba sai ka ga ya ruga wurin ƙarfen nan. Dakta ya ce so yake ya gano abin da ke mayar da mashayi ruwa bayan ya bari. Ni kuwa raina su kawai nake yi.

Malaminmu ya zaɓe ni in karanta abin da na rubuta da hannuna a gaban sabon kansila, ni kuma na rubuta labarin ɓerayen. Maƙwabcina Malam Goni ya ara mini hularsa zanna, ya ce, "Ka kula da ita, ko ni sai Juma'a nake sa ta."

Sai dai akwai abin da ban faɗa muku ba. A da ina shan sigari. Da tari ya kwantar da ni, na rantse wa matata Uwani na bari, kuma na yi shekaru ina riƙe da rantsuwar. Ita ma ta zo bikin, tana zaune a ɓangaren mata.

Kansila ya makara. Ina zaune ina duban takardata, haruffan da na sha wuya kafin in san su suka fara rawa. Na zagaya bayan aji in sha iska, na tarar da mai haɗa lasifika yana busa sigari. Ban roƙa ba, hannuna ne ya miƙe da kansa.

"Baba, kai ma kana yi?"

"A da," na ce.

"To, ga ta da ɗin."

Ban yi nisa da ita ba na ji an kira sunana. Na murtsuke bakinta da yatsu, na tura guntun cikin hula, yadda nake yi a ƙuruciya in na hango babba. (Yatsun ƙuruciya sun fi iya kashe wuta.)

Na fara karatu da in'ina, daga baya na miƙe. Har na iso wurin da na fi alfahari da shi: "Amma ɗan Adam ba ɓera ba ne. Allah Ya ba shi hankali, in ya bar abu ya bar shi." Na ji jama'a suna gunaguni, na ɗauka yabo ne, na maimaita da ƙarfi. Kansila ya rufe baki da hannun riga. Sai muryar Malam Goni daga baya, a gajiye:

"Malam, hulata ce ke ci."

Na fizge hular, guntun sigarin ya faɗo kan tebur a gaban kansila, yana hayaƙi abinsa.

A gida Uwani ta ajiye mini tuwo. Na ce, "Uwani, firgici ne."

"Na ji ai, ka karanta mana," in ji ta. "Sai dai shi ɓeran bai rantse wa kowa ba."

Na ɗaga hannu zan sake rantsuwa, ta ce in bari. "In ka tsorata, ka zo ka faɗa mini. Ya fi sauƙi."

Washegari na share kejin a hankali, har na yi wa ɓerayen sannu. Abin da na koya shi ne, abin da ka bari bai tafi ko'ina ba, yana zaune yana jiran ranar da cikinka zai ɗuri ruwa. Ban ƙara sha ba, amma na daina cika baki. Malam Goni kuwa har yau muna gaisawa, sai dai in na matso yakan dafe hularsa.